Yatsun suna hannunmu, me ya sa sai mun yi musu tafiyar kwana biyu?

Ƴan uwa matasa, na Ƙonni, na Malbaza, na Illela, da waɗanda neman abinci ko karatu ya kai Yamai, Tawa, Maraɗi da bayan iyaka.

Bara wani ƙanena, ɗan ƙanen mahaifina, ya samu wata dama ta ƙaro karatu a waje. An haife shi a wani ƙauye cikin komin ɗin Tajaye, ya yi lakwal a Ƙonni, ya yi shekara 4 yana karatu a Sakkwato. Masu bayar da damar sun nemi abu biyu a cikin dosiye: kaziye na ƙasarsa wanda bai wuce wata 3 ba, da takardar ƴan sandan ƙasar da ya zauna, wadda ba a bayar da ita sai da zanen yatsu goma a kan kati mai hatimin hukuma. Yaro ya ɗauka aikin yini guda ne.

Ba zan kama sunan ofishi ko na ma'aikaci ba, don ba faɗa da wani mutum ya kawo ni ba. Ƙofa ta farko aka ce masa: "Mu nan katin ɗan ƙasa muka yi, wanga ba aikinmu ba ne." Ƙofa ta biyu: "Mai hatimin ya tahi, komo gobe." Ta uku aka tura shi ta farkon. Daga ƙarshe wani dattijo mai kirki da ke zaune bakin ƙofa ya gaya masa babban garin da zai je. Ya je, ya kwana a tasha, an ɗauki yatsunsa cikin minti 10. Kafin takardar can ta iso, kaziyen nan ya cika wata 3, ya mutu. Sai da aka sake biɗar wani. Ranar rufe karɓar dosiye kuwa ta zo ta wuce. Yau yana sayar da kayan waya a bakin hanya, da diflominsa cikin jakar leda.

Na san da yawa cikinku suna karanta wannan suna cewa "kamar ni ake ba labari". Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu duba wannan magana da kyau.

Da farko mu rarrabe takardun, don rashin rarrabe su yana cikin abin da ke cin kuɗinmu. Kaziye, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa yanke wa mutum hukunci, gidan shari'a ke bayar da ita. Tsarin da muka gada daga Faransa ya kasa ta gida uku: ta ɗaya ta alƙalai ce, ta biyu ta wasu ma'aikatun gwamnati, ta uku ita ce ake ba mutum a hannunsa, ita ce kuma ake nema wajen konkur, ɗaukar soja ko jandarma, aikin kamfani da na ƙungiyoyi. Asalin tsarin shi ne ana ajiye bayanan mutum a kotun yankin da aka haife shi. In an yanke maka hukunci a Agadas, takardar hukuncin ita za ta bi ka gida, zuwa kotun mahaifarka. Shi ya sa ɗan Badagishiri da ke zaune a Damagaram yake waiwayo Adar duk sanda aka ce ya kawo kaziye. Katin ɗan ƙasa kuma aikin komisariya ne, nan ne yawancinmu muka fara dangwala yatsa a tawada. Fasfo aikin hukumar ƴan sanda ta DST ce. Sai kuma na huɗun, wanda ya kayar da ƙanena: zanen yatsu da wata ƙasa ke nema don ta bincika tarihinka. Kanada, alal misali, tana neman takardar ƴan sanda daga kowace ƙasa da mutum ya zauna wata 6 ko fiye tun da ya cika shekara 18. Ga yanki irin namu, inda kusan kowane gida akwai wanda ya zauna Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

To ga abin da ke ban mamaki. Kaziyen da ake cewa shi ne shaidar halinka, ba ya buƙatar jikinka. Kowa ya san yadda muke yi: ka ɗauki hoton takardar haihuwarka, ka tura wa wani yaya a gida ta WhatsApp, ya je ya karɓo, ya ba direban mota ya kawo maka tasha. Suna kawai ake dubawa, da sunan uba, da na uwa, da ranar haihuwa. Kuma kun san yadda sunayenmu suke. Mutum guda a takardar haihuwa Mahamadou, a diflom Mahaman, a kati Mamane. Wani Aboubacar a nan, Boubacar a can. Dubban mutane an rubuta musu 1 ga Janairu don ba a san ranar ba, iyayenmu kuma takardunsu "an haife shi wajen shekara kaza" suka ce. A cikin irin wannan hali, mai laifi yana iya fita fes da sauya harafi biyu, marar laifi kuma ya ɗauki kayan takwaransa. Abin da ba ya sauyawa shi ne zanen yatsa. Tun 1892 aka kama mai kisa da shi a ƙasar Ajantina, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya ba su da zane iri guda. Wato takardar da ta fi rauni ana samunta ba tare da kai ba, shaidar da ta fi ƙarfi kuma, wadda kake yawo da ita dare da rana, sai ka ɗauke ta ka kai ta nesa.

Mu dubi taswirar yankinmu. Ƙonni tana kan babbar hanyar ƙasa ta 1, tana da babbar kotu irin wadda ake samu a manyan biranen jihohi. Ita da Arlit ne suka samu wannan matsayi ba tare da kasancewa hedikwatar jiha ba. Wannan abin alfahari ne. Amma daga Ƙonni zuwa Yamai sama da kilomita 400 ne. Zuwa Tawa sama da 100, ta Tsarnawa, Gidan Idar da Badagishiri. Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, kuma a wannan karon ne aka cire Bagaruwa daga Illela. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce kusanto da hukuma ga talaka. To yau, bayan shekaru fiye da 10, saurayin Dogarawa ko budurwar Bazaga suna da haƙƙin su tambaya: wane aiki ne ya matso kusa da mu? Ferefe ya zo, tuta ta zo. Na'urar ɗaukar yatsu fa?

Akwai wani abin dariya mai ɗaci. Ɗan Ƙonni ya fi kusa da Sakkwato, wadda ba ta kai kilomita 100 ba, a kan babban birnin ƙasarsa. Illelar Najeriya kuwa kabu-kabu ke kai shi. Amma duk wanda ya ga yadda aka rufe iyaka bayan 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, ya san cewa ba a gina makomar yaro a kan ƙofar da wani ke riƙe da makullinta.

Idan an tambayi hukuma kuɗin waɗannan takardu, za ta faɗi kuɗin tambur, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai talaka ba tambur kaɗai yake biya ba. Yana biyan mota zuwa da dawowa. Yana biyan abinci. In aka ce "komo gobe", yana biyan wurin kwana ko ya shimfiɗa kwali a tasha. Yana biyan yinin da bai je garkar albasa a Galmi ba, ko yinin da shagonsa ya kwana a rufe. In abin ya faɗo cikin damina, ya bar noma. Jika biyu ta takarda sai ta ja jika ashirin ta hanya. Ɗiya mace kuma nata ya ninka: sai an yarda ta tafi, sau da yawa sai da ɗan rakiya, wato kuɗin mota biyu, sai kuma an san gidan da za ta sauka. Ƴan mata nawa ne suka bar konkur ɗin malanta ko na aikin likita don baba ya ce "ba ki kwana wani gari saboda takarda"? Babu mai lissafa su, don ba su kai ga ajiye dosiye ba balle a ce sun faɗi.

Kuma inda duk hanya ta yi nisa, bayani ya yi duhu, nan ƴan kamasho ke tsirowa. "Kawo jika kaza, kai dai ka zamna, zuwa la'asar ta hito." Wani lokaci ta fito. Wani lokaci abin da ya fito na jabu ne, yaro ya kai shi wurin ɗaukar aiki, a kama shi, ya samu kaziye mai datti na gaskiya a garin neman mai tsabta. Mu faɗa wa juna gaskiya: nisan hukuma shi ne jarin waɗannan mutane.

Wani zai ce, "Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ƙasa ke ciki ba. Ga matsalar tsaro, ga rashin kuɗi, ga wuta da ke ɗaukewa, ga rezo da ke tafiya ya dawo." Na sani. A nan nake zaune, zafin da kuke ji shi nake ji. Amma mu tuna abin da idonmu ya gani. Tsakanin 2019 da 2020 hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajistar masu zaɓe ta zamani. Ma'aikata sun shiga ƙauyuka da akwatunan na'ura, sun zauna ƙarƙashin itace da cikin azuzuwan lakwal, sun ɗauki hoto, sun ɗauki yatsu. Mutum kusan miliyan 7.4 suka shiga kundin da aka yi zaɓen 27 ga Disamba 2020 da shi. Tsofaffinmu da ba su taɓa ganin kwamfuta ba sun ɗora yatsa a kan gilashi. Ashe in ana son ƙuri'armu na'ura ta san hanyar ƙauye. In mu ne muke son aiki, sai a ce mu ne za mu bi ta birni. Wannan shi ne ke ci mini rai.

Zancen wuta kuma, a Malbaza ne aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta farko a ƙasar nan, mai megawat 7, a ƙarshen 2018. Na'urar ɗaukar yatsu da kwamfuta guda ba su kai firji cin wuta ba. Faranti biyu na sola da batiri sun ishe su. Mai cajin waya a kasuwar ƙauye ya warware wannan matsala tun tuni, da jarinsa na kansa.

Maƙwabta ma sun nuna ana iyawa. Benin ta fara bayar da kaziye ta intanet a 2020. Burkina Faso, abokiyar tafiyarmu cikin ƙawancen AES, mai fama da matsalar tsaro irin tamu, ta buɗe nata a 2023. Faransa da muka gaji tsarin a wurinta ta daina dogaro da kotun mahaifa tun farkon shekarun 1980, ta tattara komai wuri guda a birnin Nant, yau mutum yana nema daga wayarsa, kyauta. Mu muka riƙe tsohuwar rigar da mai ita ya tuɓe. Kuma ba daga fili za mu fara ba: Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya a 2020, shirin da manufarsa ita ce ba kowane mutum lambar shaida guda, kuma tun 29 ga Janairu 2025 aka ƙaddamar da fasfon AES. Duk inda aka dosa, yatsu za a nema. Tambayar ita ce a ina za a ɗauke su, kuma wa zai biya kuɗin hanya.

Akwai ƙorafi guda da nake ɗauka da nauyi, kuma ina so ku ma ku ɗauke shi. In an bazu da na'urori ko'ina, wa ke riƙe da yatsunmu? Lambar sirri in an sace ta, ka sauya. Yatsa in an kwafe shi, ba ka da wani. Kundin da ke iya wanke marar laifi shi ne kuma ke iya zama igiyar bin sawun mutane in ya faɗa hannun da bai dace ba. Saboda haka ba na goyon bayan a ba kowane shagon kwamfuta da ke bakin tasha izinin ɗaukar yatsu don kawai a samu sauƙi. Ƙasarmu tana da doka kan kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. Mutum nawa ne a Illela suka taɓa jin sunanta? Duk wurin da za a ɗauki yatsa, ya kamata a gaya wa mutum, da Hausa, wa zai ajiye, don me, har yaushe, kuma ina zai kai kuka in an yi amfani da shi ta hanyar da bai yarda ba.

Sannan kada mu manta da tushe. Babu kaziye, babu kati, babu fasfo, sai da takardar haihuwa. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta gaban alƙali. Shi ya sa zaman kotun tafi-da-gidanka da ake kai wa ƙauyuka don ba mutane takardun haihuwa yake da amfani ƙwarai. In alƙali da magatakardansa suna iya zuwa ƙauye da rajista, ɗan sanda guda da na'ura guda suna iya shiga motar nan tare da su.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, cikin ladabi, a rubuce, daga ferefofin gundumomin nan uku, kantomomin da ke riƙe da komin-komin, da shugabannin kotu da na ƴan sanda:

1. Allo a ƙofar kowace meri, komisariya da gidan shari'a, da Faransanci da Hausa: takarda kaza, ofishi kaza, kuɗi kaza, kwana kaza. A riƙa maimaita shi a gidajen rediyon karkara. Wannan fenti da katako kawai yake ci, kuma da akwai shi da ƙanena bai yi yawon ƙofa uku ba.

2. Wuri guda sananne na ɗaukar zanen yatsu a Ƙonni, a Malbaza da Illela, mai ranakun aiki tsayayyu, da ma'aikaci na biyu da zai iya sa hatimi in na farko ba ya nan.

3. Fita ƙauyuka a ranakun kasuwa. Jama'a suna taruwa da kansu a Badagishiri, Galmi, Tajaye, Allela da Bazaga. Hukuma ta same su a can, ko sau ɗaya ne a wata, a sanar da ranar tun da wuri.

4. Kundin kaziye guda na ƙasa, yadda ɗan Adar da ke Diffa zai nemi takardarsa a kotun da ta fi kusa da shi, wanda aka haifa a Abijan ko Kano kuma ya daina rasa inda zai dosa.

5. Rasiti a kan kowace dala da aka karɓa.

6. Masu shirya konkur su duba wa'adin wata 3 ɗin nan. A nemi kaziye daga waɗanda suka ci jarrabawa, kafin su kama aiki. Me ya sa mutum dubu za su sayi takardar da ta mutum hamsin kaɗai za a buɗe?

Na ƙarshen nan ko sisi ba ya ci wa gwamnati. Layi guda ne a cikin sanarwa.

Mu ma muna da namu laifin, kada mu ɓoye. Muna jira sai saura kwana uku a rufe dosiye mu fara gudu. Muna zuba hoton katinmu da takardar haihuwarmu cikin gurup na mutum ɗari biyu don wani ya ce yana da hanya. Muna ba ɗan kamasho kuɗi, gobe mu zo nan muna zagin cin hanci. Don haka ga ƴar shawara ga mai shirin nema: tun yau ka jera takardunka ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina, in akwai saɓani ka fara gyara shi, don shi ne ya fi cin lokaci. In wata ƙasa ce ke neman yatsunka, ka tambaye su a rubuce irin katin da suke karɓa da hukumar da suka yarda da hatiminta, kafin ka hau mota. Ka fara da takardar da ta fi daɗewa kafin ta fito, ka bar kaziye a ƙarshe. Ka je ofishi da kanka, ka nemi rasiti. In ka san hanya, ka nuna wa na bayanka kyauta, kamar yadda dattijon nan na bakin ƙofa ya yi.

Ƴan uwa, ana yawan ce mana mu zauna gida mu gina ƙasa, mu bar bin hamada da teku. Mun ji, kuma da yawanmu abin da muke so ke nan. Amma yaron da ya yi karatu, ya samu dama ta halal, ya rasa ta saboda hatimi ya yi tafiya, wane wa'azi za a yi masa gobe in ya ce zai bi Agadas? Siminti yana fita daga Malbaza ya gina Yamai. Albasar Galmi tana kaiwa har Abijan da Akara. Yankin da ke fitar da wannan bai kamata a ce ƴaƴansa na kwana a tasha saboda aikin minti 10 ba.

Wanda irin wannan ta taɓa samunsa, ya rubuto mana: wace takarda, tafiyar kilomita nawa, kwana nawa, nawa ta ci. Ba ma son sunan ma'aikacin kowa. Lissafin muke so, mu haɗa shi, mu kai shi teburin da ya dace, gunduma bayan gunduma.

Allah ya ba mai nema sa'a, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.